Ciwon Hanta a Gidan Mai Aski

Litinin, 3 ga Maris
Ma'aikatan lafiya sun zagayo layinmu. Wai duk mai shagon aski sai an gwada jininsa, kyauta. Suka duba kilifa, suka ce reza ɗaya kai ɗaya. Yo da can fa? Ni ne ma na fara miƙa hannu, har ina tsokanar maƙwabcina da ya ɓuya a bayan labule.

Laraba, 5 ga Maris
Ni aka samu. Ƙwayar ciwon hanta. Wanda ya ɓuya lafiyarsa ƙalau.
Nas ɗin ta yi ta bayani: jini, reza, allura, kwanciya. Na ce, "Hajiya, ni fa ko ciwon kai ba na yi." Ta ce haka take, shiru take zama a jiki. Ta ce in kawo matata da 'yan gidanmu. To, mene ne haɗin 'yan gidanmu?

Alhamis, 6 ga Maris
Na gaya wa Maman Yara. Cikin duk abin da na lissafa, "kwanciya" kawai ta ji. "Da wa?" Na rantse har muryata ta dishe. Ta kwashe filonta ta koma ɗakin yara.
Wallahi ban taɓa ba. Ko na taɓa yankewa da rezar wani? Na zauna ina duba yatsuna kamar sakarai.

Asabar, 8 ga Maris
Magana ta kai kunnen Umma. A gaban Yaya Babba ta ce ita ba ta haifi ɗan iska ba, in je can inda na kwaso. Raina ya ɓaci sosai. Na ce duk sai sun je gwajin, kowa ya ga ni ma ban sani ba. Ta ce za ta je, don in ga irin jinin da na ɓata.

Talata, 11 ga Maris
Maman Yara ba ta da shi, yara ma haka, alhamdu lillahi. An yi mata allurar rigakafi. Amma sai abin ya ƙara tunzura ta: tunda ba daga gida ba ne, ai daga waje ne. Ni kaina na fara zargin kaina.

Alhamis, 13 ga Maris
Yaya yana da shi. Autarmu ma. Umma ma.
Da yake Umma ba ta ji sosai, ta ce in shiga da ita. Nas ta sassauta murya: sau da yawa wajen haihuwa jariri ke ɗauka daga uwa, ba laifin kowa ba ne, a da ba a gwadawa. Umma tana ta kallon bakinta.
A hanya ta riƙo hannun rigata. "Me ta ce? Ni ce ko?"
Na ce, "Ni ma ban gane turancinsu ba, Umma."
Da Hausa nas ɗin ta yi magana.

Asabar, 15 ga Maris
Shago ba laifi. Yaya bai tambayi komai ba, ni ma ban ce ba.
Maman Yara har yau gaisuwa kawai. Magana ɗaya ce za ta wanke ni, na sani. Amma in ta ji, yayarta ta ji, daga nan kuma sai ta dawo kunnen Umma.
Gobe wataƙila. Jiya ma haka na ce.