Dada Ta Ajiye Magani Tana Jiran Naka

Yelwa, Mubi
Agusta, 2016

Ƙanena Mu'azu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da karatu da sanyin Jamus. Allah ya ƙara maka basira, ya tsare mana kai. Mu nan alhamdulillahi, gari ya lafa, kasuwa na ci, Baffa Sali ma ya koma gonarsa ta Vimtim, gyaɗarsa ta yi kyau bana.

Maganar mahaifiyarmu Dada ce ta sa na zauna rubutu. Ka san tun gudun da muka yi zuwa Kamaru, lokacin da 'yan ta'adda suka shigo Mubi, jininta bai sake sauka yadda ya kamata ba. To, ranar Sallah da ka kira, kai da bakinka mai daɗi, ka yi mata bayanin aikinka: wai akwai ƙananan famfuna a jikin mutum masu fitar da gishiri, kuma jiki da kansa yana yin wani sinadari mai rage musu ƙarfi, shi kuke bincike ko yana da hannu a hawan jini. Ni na ji bincike, ita kuwa ta ji magani. Duk Yelwa ta sani yanzu, ɗanta yana haɗa maganin hawan jini a Turai.

Shekaranjiya jiri ya kwashe ta a bakin murhu. Da muka kai ta asibiti, likita ya auna jininta, sannan ya tambayi ƙwayoyin da take sha. Ashe tun bayan Sallah ta kwashe su ta ba maƙwabciyarmu Laraba, wai Laraba ba ta da ɗa a Turai, ita kuwa za ta jira naka. Na yi faɗa, na yi kuka, ta ce kishinka nake yi. Wallahi Mu'azu na tsorata, ko a hanyar Kamaru ban ji irin wannan tsoron ba.

Don Allah ka kira ta. Ka faɗa mata har yanzu a kan ɓeraye kuke gwadawa, kuma abin zai ɗauki shekaru. Na san za ka ji nauyi, ita ma za ta ji kunyar unguwa, amma maganarka kaɗai take ji.

Baffa Sali da Goggo Na'imatu suna gaishe ka, ɗana Yazid ma haka. Dada ta ce in gaya maka kada ka gaggauta aikinka saboda ita, wai tana nan, za ta jira.

Addarka,
Khairat