Na Ɓoye Goɗiya Mai Ciwo a Gidan Aminina Don a Amince da Taron Dawakinmu

Assalamu alaikum Malam, da kai da jama'ar da ke cika zaurenka bayan sallar Juma'a, kuna sauraron damuwar bayin Allah kuna ba su shawara. Allah ya ƙara wa wannan zama albarka. Wani bafatake na ba takardar nan ya kawo maka, bai iya karatu ba, bai kuma san abin da ke cikinta ba, kada a matsa masa da tambaya. Ka karanta ta a gaban jama'a yadda ka saba. Sunana da na garinmu na ɓoye, sunayen mutanen da zan ambata ma ba nasu ba ne. Wanda ya gane ni ya rufa mini asiri. Don girman Allah kada ku yi saurin tsine mini, ku bari in kai ƙarshe tukuna, don abin da zuciyata ke faɗa mini kullum ya fi duk zagin da za ku yi mini zafi.

Ni mai kiwon dawaki ne a wani ƙaramin gari tsakanin Tasawa da Mayahi. A turke na buɗe ido, sana'ar mahaifina ke nan, dawakinmu kuwa jinin Asben ne. Ga wanda bai sani ba, masu kiwon irin wannan doki a ƙasarmu suna da ƙungiya tasu, dattawanta a Tasawa suke zama, babbansu wani tsohon Buzu ne da zan kira Baba Agali. Su ne suka san wane doki ne ɗan wane, tun daga kakanni. Duk garin da ke son ya tara dawaki bayan kaka, a nuna su, a yi sukuwa, a zaɓi ingarman da za a riƙa kai wa goɗiyoyi, sai ya nemi yardarsu. In sun yarda sukan ba da jar ragama a rataye a bakin kasuwar garin, su aika masu shela kasuwa-kasuwa. In ba su yarda ba, ko ka yanka shanu ka dafa, mai dokin kirki ba zai tako garinka ba.

Mahaifina ya nemi yardar nan har ya gaji, ya rasu bai samu ba. Kullum da abin da za su ce: ruwanku bai isa ba, harawarku ta yi kaɗan, hanyarku ba ta da aminci. Ni kuma na ɗauki abin na sa a raina kamar bashin da ya bar mini. Kasuwarmu tana mutuwa muna kallo, ayarin gishiri ya daina ya da zango wurinmu, samari suna ta watsewa. Na bi gida-gida na shawo kan mutane, muka yashe tsohuwar rijiya, muka haƙa sabuwa, muka sassaƙa komaye na shayar da dabbobi, muka tara harawa har ta fi ɗaki tsawo. Na yi ta zirga-zirga zuwa Tasawa har dogaran ƙofa suka san tafiyata. A bana Baba Agali ya dube ni ya ce, “Ɗana, ka ishe mu da naci irin na ubanka. Za mu zo mu gani da idonmu.”

Ana saura kaɗan su zo, na shiga barga da safe na tarar goɗiyata, Gunya, ta ƙi taɓa dusa. Kanta a sunkuye, hancinta na zubar da majina mai kauri, ƙarƙashin muƙamuƙinta ya kumbura. Na sa hannu na ji zafi kamar garwashi. Malam, ba zan yi muku ƙarya a nan ba, na san ciwon. Na taɓa ganin ya shiga bargar wani ya kwashe ta sai turaku. Na kuma san babbar dokar dattawan: garin da ke da doki mai irin wannan ciwo ba a tara dawaki a cikinsa, ko da na sarki ne. Na tsaya riƙe da kanta. Duk wahalar nan ta tashi a banza? In fita in ce wa mutanen da suka shiga rijiya da igiya a ƙugu saboda maganata me? In ce su yi haƙuri sai wata shekara, alhali ban san ko dattawan za su sake waiwayarmu ba?

Ina da amini, zan kira shi Illo. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi karatun allo. Yana zaune a wata 'yar tunga can gefe, ba kan hanya ba, kuma duk abin da ya mallaka a duniya bayan gonarsa shi ne wani kilin ingarma, fari tas, wanda mutane ke kawo wa goɗiyoyi tun daga Gidan Amumune. Da dokin nan yake ci da iyalinsa. Na share wa Gunya hanci da ruwan ɗumi, na rufa mata zane a wuya kamar don ƙuda, na ja ta da hantsi zuwa gidansa. Na same shi yana gyaran dabaibayi. Na ce, “Illo, ka riƙe mini ita na ɗan lokaci. Ta fara neman namiji, in baƙi suka zo da ingarmu za ta hargitsa mini barga.” Ya yi dariya ya ce, “Wannan ma har sai ka roƙa? Gidanka ne. Amma na ga kamar ba ta da kuzari.” Na ce tafiya ce da rana. Na so in ce masa ya ɗaure ta nesa da kilinsa, ya ware mata wurin shan ruwa. Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma in na faɗa zai tambaye ni dalili. Sai na haɗiye ta, na juya ina jin sa yana ce wa Gunya, “Zo nan, 'yar gata, ku sha ruwa tare da maigidan.”

Dattawan suka zo. Suka leƙa rijiyoyi, suka ɗanɗana ruwan, suka tura hannu cikin harawa, suka taka filin sukuwa suna neman ramukan gafiya. Suka shiga bargata, Baba Agali ya buɗe bakin baƙin ingarmana, Akawal, ya shafa ƙafafunsa, ya faɗi sunan uwarsa da na kakarsa ba tare da ya tambaye ni ba. Sannan muka zauna gindin gawo, ya kalle ni cikin ido ya ce, “Saura tambaya guda. A garin nan akwai doki mai ciwo?” Na ce, “Baba, a garin nan babu.” Wani daga cikinsu ya ce a kawo Alƙur'ani in dafa, kamar yadda aka saba. Baba Agali ya ɗaga hannu ya ce, “A'a. Na san ubansa, bai taɓa sayar da gurgun doki da sunan lafiyayye ba. Maganar ɗansa ta ishe ni.” Ya ciro jar ragama daga jakarsa ya ɗora mini a tafin hannu. Mata suka ɗau guɗa. Ni kuwa ina ta faɗa wa kaina ai ban yi ƙarya ba, a garin nan ya ce, ita kuwa ba ta garin. Jama'a, wa nake ruɗi? Da ma ya bari na dafa Littafin, wataƙila tsoro ya sa in faɗi gaskiya.

Shela ta zagaya Tasawa, ta je Mayahi, ta je Baudeta. Garinmu ya tashi tsaye. Dukawa sun duƙufa ɗinkin sirdi, maƙera na ƙera linzami da likkafa, mata na ta surfen gero don furar baƙi, har waɗanda suka yi ƙaura sun fara aiko da saƙo a gyara musu ɗakunansu. Duk inda na gitta sai sa albarka. Wata tsohuwa ta riƙe mini riga ta ce, “Ka share wa ubanka hawaye.” Ban je tungar Illo ba. Kullum in ce gobe, gobe ta yi in ƙirƙiro wani aiki.

Shi ne ya zo. Ina cikin barga na ji sallamarsa, na fito na gan shi riƙe da igiyar Gunya. Ta warke sarai, tana kaɗa wutsiya, har ta yi ƙiba. Shi kuwa ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya miƙo mini igiyar ya ce, “Ga amanarka, Allah ya tashi kafaɗarta. Kili dai ya tafi.” Na ce, “Ya tafi ina?” kamar wawa. Ya ce, “Mun ja shi bayan gari mun binne. Na yi masa hayaƙi, na ba shi kanwa, na kira masu magani, numfashi ya gagare shi.” Na yi salati. Sannan ya ba ni sauran labarin. Maganar mutuwar ta kai Tasawa, dattawan suka kira shi suka tambaye shi ta ina ciwon ya shigo masa. Ya ce musu daga Allah. Suka ce komai daga Allah yake, amma wace dabba ce ta kawo shi? Ya ƙi faɗa. Sai suka yanke cewa ya karɓi wata baƙuwar goɗiya ne daga hannun fatake don kwaɗayi, ba tare da ya duba ta ba. Suka hana shi shiga kowane taron dawaki, suka ce kada kowa ya kai dabba tungarsa sai sun sake zama. Mutumin da ake yabo da tsabtar barga, yau ana nuna shi da baki a kasuwa.

Na ce, “Me ya hana ka faɗa musu tawa ce?” Ya ce, “In na faɗa za su karɓe ragamar. Garinku fa?” Sannan ya ce, “Abu guda nake so in ji daga bakinka, don in samu in yi barci. Ranar da ka kawo ta, ka sani?” Malam, ga ƙofa Allah ya buɗe mini, ga aminina a gabana, babu kowa sai ni da shi. Na buɗe baki na ce, “Wallahi ban sani ba.” Fuskarsa ta saki. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Da ma na faɗa wa iyalina kai ba za ka yi mini haka ba.” Ya kama hannuna ya ce kada in sa abin a rai, ƙaddara ce. Ni ya koma yana ba haƙuri!

Tun ran nan ban sake zama wuri ɗaya na natsu ba. In na zauna sai in miƙe, in na shiga gida sai in fito. Abin da ya fi kashe ni, Illo kullum sai ya zo garinmu taya mu aiki. Shi da aka hana shiga taron, shi ke kafa turakun baƙi, shi ke share fili. In na hango shi sai in bi ta bayan rumbuna. Uwargidana, Delu, ta lura. Ita ce ta ɗumama mini ruwan da na wanke hancin Gunya, ba ta dai taɓa tambaya ba. Rannan ta ajiye mini tuwo ta ce, “Maigida, matar Illo ta zo aron gero.” Na ce a cika mata masaki, a ƙara da wake. Ta ce, “Na ba ta. Amma ba gero ka ɗauke musu ba.” Ta tashi ta bar ni da akushi, ko loma ban iya kaiwa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Taron ya matso, baƙin nesa sun riga sun kamo hanya. Jiya Akawal ya bar rabin dusarsa, na ga danshi a hancinsa, ya kuma yi atishawa. Na lalube muƙamuƙinsa, wani lokaci in ji kamar da kumburi, wani lokaci in ji babu, har na daina yarda da yatsuna. Wataƙila ƙurar harawa ce kawai. Wataƙila kuma daga Gunya ne, tunda na mayar da ita barga don kada a tambaye ni dalilin ware ta. Ga al'ada, dokin mai masauki ne ke fara shiga fili, shi ke fara sa baki a komin ruwa kafin na baƙi. Ba ni da inda zan ɓoye shi, ba ni kuma da wani aminin da zan sake cuta. In ciwon ne, dawakin ƙasar nan kaf za su sha a bayansa, kowa ya koma da shi gidansa.

In na je Tasawa na faɗi gaskiya, za su karɓe ragamar, kuma na san ba za su sake ba garinmu ba ina raye. Mutanen da ba su ci ba ba su sha ba za su kwashi kunya da hasara saboda ni. In na yi shiru Akawal ya zama lafiya lau, taro ya yi kyau, Illo zai ci gaba da yawo da laifina a wuyansa yana yi mini addu'a. Na yi tunanin in ba shi dukushin da Gunya za ta haifa nan gaba, amma doki zai wanke masa suna? Na yi tunanin in fara zuwa wurinsa in durƙusa, sai in tuna yadda fuskarsa ta saki da na rantse masa. Yaya zan ce masa rantsuwar ma ƙarya ce? In ya yafe mini ina zan sa kaina, in bai yafe ba ina zan sa kaina?

Malam, jama'ar zaure, ku dubi Allah ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Bafataken zai biyo ta garinmu a komowarsa, duk abin da kuka yanke a rubuta a ba shi, ina roƙon Allah ya iso kafin baƙin su iso. Sirdi na kan goɗiyar maƙwabcina da na aro, na fito da ita na mayar ya fi a ƙirga, na kasa sanin ko Tasawa zan nufa ko tungar Illo.

Me zan yi?