Albasa Ta Ƙare

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take, matata, mai muryar da ta fi ruwan randa daɗi ga mai ƙishi!

Yau kwana tara ba ki ce uffan ba. Kin kuwa san dokar Ofishin Sauraro: gidan da ya yi shiru, akwai abin da yake ɓoyewa, kuma mota ake turowa a ɗauki mai shirun a je a tambaye shi me yake tunani. In suka tafi da ke, ina zan sa kaina?

Na san laifina. Ranar da aka raba mana gidajen da za mu riƙa saurara, magatakarda ya miƙo min lambar agogon sauraron da gwamnati ta rataya a kicin ɗinmu, ni kuma ban ce gidana ba ne. Ta yaya zan ce? In bar wani ƙato ya ji yadda kike waƙa kina wanke-wanke, yadda kike yi wa kyanwa faɗa kamar 'yar cikinki? Wata shida ina tebur na bakwai, abin ji a kunne, ina shan muryarki, gwamnati tana kiran abin aiki.

Sai albasar nan! Ke kaɗai a kicin kika ce, "Kai, albasa ta ƙare." Ni kuma sarkin wauta na shigo da yamma da ƙullin albasa ina washe baki. Kika dubi albasa, kika dubi agogo, kika dube ni. Wallahi da mari kika kwaɗa min da ya fi min sauƙi.

Tun ranar ba na jin komai sai ƙarar cokali da jan silifas, rahoto kuwa ba ya karɓar silifas. Don haka na yi ƙarya, tauraruwata, don in rufa miki asiri. Litinin na rubuta cewa matar gida ta ce ta yi kewar mijinta. Talata na ce ta ce ba wanda ya kai shi kyau. Laraba hannuna ya zarce, na ce ta rungume rigarsa tana kuka. Shugabanmu ya karanta, ya cire tabarau ya share ido, ya ce, "Wannan mijin ya more. Ni ban taɓa jin irin wannan a gidana ba. Gobe ƙarfe goma da kunnena zan saurara."

Gobe ƙarfe goma, rabin raina! In ya ji shiru, motar za ta zo.

Ba na roƙon ki yafe min. Ba na ma roƙon ki faɗi abin da na rubuta, ko da yake ni ne na fi kowa karanta rahoton nan, har na kusa yarda da shi. Ki zage ni. Ki yi wa kyanwa faɗa. Ki kira ni munafuki mai dogon kunne, zan rubuta da mafi kyawun rubutuna in sa hannu. In duk wannan ya yi miki nauyi, ki tsaya gaban agogon ki ce gishiri ya ƙare. Na rantse miki zan dawo gida hannu rabbana, in zauna a gabanki, in jira ki faɗa min da bakinki.

Naki har agogon ya daina bugawa, da bayan haka,
Mijinki, na tebur na bakwai.