Sallamar da Ka Aiko Daga Ƙurɗuba

Zuwa ga aminina Haruna, ɗan Inna Rabi ta unguwar Ƙurban a Madina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙa maka gaisuwa irin wadda Musulmi yake yi wa ɗan'uwansa, tare da fatan wannan saƙo ya same ka da rai da lafiya a ƙasar Sifaniya, idan har yanzu can kake. Na rubuta a nan inda kowa zai gani ne saboda lambarka ta daina shiga, kuma na san halinka: ko ba ka ce uffan ba, kana leƙo shafina. Masu karantawa su yi mini afuwa, yau ba da su nake ba.

Ka san tarihinmu, amma bari in faɗa saboda su. Kakana da kakanka ayari ɗaya suka bi daga ƙasar Kano, a ƙafa, ta Sudan, har suka tsallako teku, Inna Rabi tana goye a bayan uwarta. Da aka zo rubuta mutane a matsayin ’yan ƙasa, kakana ya je aka rubuta shi. Naka ya ce shi maƙwabcin Manzon Allah ne, wannan ya ishe shi. Shi ke nan na tashi ɗan ƙasa, kai ka tashi da fasfon ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, da iƙama, takardar izinin zama da ake sabuntawa kowace shekara. Tun rasuwar mahaifinka kuma, zaman Inna a garin nan a ƙarƙashin takardarka yake.

Kai ka kawo shawarar tafiyar. Ka ce tun muna makaranta ake cika mana kunne da Andalus, ya kamata mu je mu ga Ƙurɗuba da idonmu kafin gwiwa ta mutu. Na yi mamaki, don kai ko garin Yanbu da ke nan kusa aka ce a je sai ka kawo uzuri. Na ɗauka baƙin cikin cire ka daga teburin karɓar baƙi a otal ne, aka mai da kai ɗakin ajiyar kaya bayan shekarun da ka yi, shi ya sa kake son shan iska. Da bizarka ta fito har rawa ka taka a cikin motata.

Garin yana da kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba don ina fushi da kai. Lunguna ƙanana, bango fari fat, tukwanen furanni a rataye, da tsohuwar gadar nan da muka tsallaka muka dawo muka sake tsallakawa saboda kana son hoto. Zafinsu ma bai ba mu tsoro ba. Turawa suna ta fifita, mu muna yi musu dariya. Abinci ne ya gagare mu. Duk kantin da muka leƙa sai mu ga cinyoyin alade a rataye, muka koma kan burodi da kifin gwangwani da dabinon ajwa da Inna ta cusa maka a jaka.

Ka tuna ƙofar babban masallacin? Mun bi layi, mun sayi tikiti, abin da ko a mafarki ban taɓa yi a ƙofar masallaci ba. Muna isa bakin shiga sai na ga ka sunkuya ka tuɓe takalmi, ka zaro leda daga aljihu ka zuba su ciki, yadda muke yi a Harami. Ni ma hannuna ya kai kan nawa kafin in lura kowa da takalminsa yake wucewa. Na ji kunya na janye hannuna. Kai ka ƙi mai da naka. Haka ka yi ta yawo ba takalmi tsakanin ginshiƙan nan masu baka ja da fari, jere kamar gonar dabino a Khaibar, mutane suna kallon ƙafarka.

A gaban mihrabi ka tsaya ka daɗe. Da ka ɗaga hannu, mai gadi ya matso ya yi maka magana a hankali cewa ba a salla a nan. Bai wulaƙanta ka ba, aikinsa yake yi. Ka sauke hannu, muka zagaya ta gefen cocin da aka gina a tsakiya, muka fito farfajiyar itatuwan lemo. Can ka ce mini: “Ya akhi, mutanen da suka gina wannan sun daɗe a nan fiye da yadda muka daɗe a Madina, kuma an ce su tafi sun tafi.” Na ce ka bar surutu ka sa takalminka.

La'asar ta yi, jikinmu ya sani, amma ba kiran salla. Mu da muka saba kafin ladan ya gama an ja ƙofofin shaguna, titi ya cika da masu sauri. A can sai ƙararrawa. Muka yi salla a wani lungu kan kwali, ina ta waige-waige. Ban taɓa jin kewar gida irin ta wannan yammacin ba, kuma na ɗauka kai ma abin da kake ji ke nan.

Kusa da gadar ne muka ji Hausa. Wani mutumin Damagaram ya shimfiɗa zani a ƙasa yana sayar da tabarau da jakunkuna, da igiya ɗaure a kusurwoyin zanin don in ya hango ’yan sanda ya fizge ya ruga. Da ya ji daga Madina muke, sai ya kama hannunmu ya shafa a fuskarsa, ya ce mu isar masa da sallama wurin Manzon Allah. Na amsa na yi gaba. Kai ka tsaya kuna ƙus-ƙus, har da Sifaniyanci a bakinka. Na zolaye ka na ce yaushe ɗan Ƙurban ya zama Bature, ka ce a waya ka tsinci kalma biyu. Ashe ka daɗe kana koyo, ni ne ban sani ba.

Ranar komawa, a tashar jirgin ƙasa, ka ce in riƙe maka wuri za ka sayo ruwa. Ka ɗan yi gaba, ka dawo, ka rungume ni, ka ce: “Ilyasu, in ka koma, ka isar mini da sallama wurin Manzon Allah.”

Haruna, sau nawa aka faɗa mana wannan maganar? Alhazai a otal, dangi a waya daga Kano da Maraɗi, kowa ba mu saƙo yake yi mu kai. Mu ne masu kaiwa. Ɗan Madina ba ya aiken sallama, da ƙafarsa yake zuwa. Kafin ka sake ni na riga na gane. Na riƙe rigarka, na zage ka da Larabci, na roƙe ka da Hausa, na ambaci Inna. Ka ce kai ka gaji da zama baƙo a garin da aka binne cibiyarka, in ka sami takarda a can za ka ɗauki nauyinta fiye da da. Ka zare hannuna ka shige cikin mutane da ’yar jakarka.

Sallamarka na isar, amana ce. Na shiga ta ƙofar da muka saba, na tsaya a layi, na faɗi sunanka da na mahaifinka, na isar da ta mutumin Damagaram ma. Ban taɓa jin nauyin wani saƙo kamar wannan ba, kuma na fito ina kuka mutane suna zaton shauƙi ne.

Daga nan na wuce Ƙurban. Inna tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Ban ɓoye mata komai ba. Ta tambaye ni abin da ka ce na ƙarshe, na faɗa mata. Ta ajiye faifan ta ce: “To, khalas, ya tafi ke nan.” Ta tashi ta dafa mini shayi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Bizar fita da dawowa da aka ba ka a nan ƙarshen watan nan za ta ƙare. In ta ƙare ba ka shigo ba, iƙamarka ta faɗi, ta Inna ma ta bi ta. Na san abin da ka saka a ranka: Ilyasu ɗan ƙasa ne, zai san yadda zai yi. Wallahi na yi. Na shiga ofis na fita ofis, na bi duk wanda aka ce ya san hanya. Amsar ɗaya ce, kuma da ladabi ake ba ni ita: ni ba ɗanta ba ne. Shekarun da na yi ina cin tuwonta ba sa shiga takarda.

Ka san ina za a kai ta? Ƙasar da ta bari tana goye. Ba ta san kowa a can ba, ko sunan ƙauyensu sai ta yi tunani take tunawa. Matar da ba ta da wani buri a duniya sai a yi mata salla a Harami a kai ta maƙabartar Baƙi'a, inda iyayenta da mijinta suke. Ciwon sukarinta ya tashi, ƙafarta ta kumbura, ni nake tura ta a keke zuwa asibiti.

Da farko kullum addu'arta Allah ya dawo da kai. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai ta Harami, bayan salla ta ɗaga hannu, na matsa kusa don in amsa mata kamar yadda na saba. Sai na ji ba sunanka a ciki. Roƙon Allah take yi ya karɓi ranta a Madina kafin takardar ta ƙare. Ta shafa, ta juyo ta ce: “Ilyasu, ban ji amin ɗinka ba.”

Ban ce ba, Haruna. Na sunkuyar da kai na gyara mata mayafi. Amma ta ce Juma'a mai zuwa ma in zo in ɗauke ta, kuma ka san Inna, za ta sake tambaya.

Ina fushi da kai, kuma ina kewarka, ɗan'uwana. Ban ce ba ka da dalili ba. Na ga yadda ake kallonka duk shekara in lokacin sabuntawa ya zo, ni ina gefe ba abin da ya taɓa ni. In kana son tafiya, ka tafi wata rana, ni da kaina zan kai ka filin jirgi. Amma ba yanzu ba. Ka dawo Inna ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta, ba wanda zai yi maka gori, in wani ya buɗe baki ni zan rufe masa.

Allah ya tsare ka daga sanyi da yunwa da hannun azzalumai a inda kake. Allah ya sa wannan saƙo ya riske ka da sauran lokaci, ya karkato da zuciyarka gida. Allah ya ba Inna Rabi tsawon rai, kada ya sa in ce amin a kan abin da take roƙo.

Naka har kullum,
Ilyasu,
daga Madina.