Ɗakin Kekuna da Makullin Motar Alhaji Saani

Daga: Hajiya Adjara Saani,
Shagon Ɗinki na Saani da Iyali, hawa na biyu,
Ginin Kasuwanci na Marlow, Mount Hope, Bronx.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaba,
Ofishin Sa Ido kan Sharuɗɗan Sufuri a Sababbin Gine-ginen Kasuwanci,
Reshen Bronx, Birnin New York.

Litinin, 24 ga Nuwamba, 2025.

Game da: Rufe ɗakin kekuna na ginin Marlow, da abin da hakan ya jawo mini a gida

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni Adjara, matar Alhaji Saani tela, ina gabatar da wannan ƙorafi cikin ladabi. Na rubuta shi da Hausa domin a cikinta nake iya yin fushi ba tare da na yi rashin kunya ba. 'Yarmu Ikram ta haɗa fassararsa a bayan takardar, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta komai.

1. Mun kama shago a wannan gini a watan Maris na bana. An bayyana mana cewa ofishinku ya gindaya wa masu ginin sharuɗɗa don rage zuwa aiki da mota: babu wurin ajiye motoci sai na sauke kaya, amma akwai ɗakin kekuna da wurin wanka a ƙasa. Ban da ja a kan wannan. Hasali ma ina cikin waɗanda suka yi wa ofishinku addu'a, saboda dalilin da ke tafe.

2. Maigidana ya haura shekara sittin da biyar, kuma idanunsa sun yi rauni. Likita ya ba shi shawarar ya daina tuƙi, ya ce ya ji. Yaranmu sun roƙe shi, ya ce ya ji. Bara ya gogi wani kwandon shara da mota a Soundview, inda muke zaune, ya fito ya ba kwandon haƙuri har da tambayar ko ya ji ciwo. Duk da haka bai ajiye mota ba. Hujjarsa ita ce tun yana saurayi a zangon Kumasi bai saba yin sallar farilla shi kaɗai ba, masallaci kuma yana kan tudu, gwiwarsa ba ta kai shi, in ya tsaya jiran bas kafin ya isa an sallame.

3. Ɗakin kekunan nan fili ne guda, mai tsabta, da ƙugiyoyi jere a bango. Kekuna biyu ne ke shigarsa, ɗaya na Souley mai gyaran waya, ɗayan na wata Bayahudiya mai aikin lissafi a hawa na uku, wadda ba ta taɓa kuka da mu ba. Souley ne ya lura cewa bangon da babu ƙugiya yana daidai da alƙibla. Sai aka kawo tabarmi, ana shimfiɗawa lokacin Azahar da La'asar, ana naɗewa bayan an idar, ana alwala a wurin wankan. Ba a taɓa tare wa keke hanya ba. Daga nan mazan ginin suka daina kawo motocin da suke ajiyewa a titunan baya don zuwa masallaci da rana.

4. Bayan ƙaramar salla Alhaji ya miƙo mini makullin motarsa da hannunsa, ya ce tunda jam'i ya zo har ƙasan shago, bas ya ishe shi. Ranka ya daɗe, na yi kuka a ranar, kuma ban ɓoye ba. Abin da likita da 'ya'ya da matar shekara arba'in suka kasa, ɗakin kekunanku ya yi shi.

5. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, jami'in ofishinku ya zo duba ginin ana shirin Azahar. Mu a wurinmu baƙonka annabinka. Da muka ji daga hukuma yake, muka ɗauka labarin yadda muka rage motoci ne ya kai gare ku. Alhaji da kansa ya tare shi a ƙofar ɗakin, ya roƙe shi ya cire takalmi. Ya cire. Halima Sa'adiya mai abinci ta kawo masa waakye, wato shinkafa da wake irin namu, har da ƙwai. Aka zagaya da shi, aka nuna masa tabarmi da butoci da inda mata ke tsayawa. Da ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, muka jeru muna murmushi, Alhaji a tsakiya ya gyara hula. Ina shaida cewa jami'in mutum ne mai ladabi, kuma ya cinye abincin.

6. Wannan hoton ne aka manna a takardar saɓa doka da aka aiko wa masu ginin, cewa an mayar da ɗakin kekuna zuwa abin da ba don shi aka yi ba. Ban taɓa ganin masu laifi sun yi kyau a hoto kamar yadda muka yi ba.

7. Ranar Litinin, 3 ga Nuwamba, aka sa wa ɗakin da wurin wankan ƙofa mai kati, ba a ba kowa katin sai wanda ya yi rajistar keke. Na ba Alhaji shawarar mu sayi tsohon keke mu rataye don a ba shi kati. Ya ce ba zai shiga salla ta ƙofar ƙarya ba. Yanzu ɗakin ya cika sharaɗinku sarai: kekuna biyu, ƙugiyoyi fanko, babu takalmin kowa. Motoci kuwa sun dawo, har ana jera su biyu-biyu a bakin titi. Ban yi karatun tsara birane ba, amma a ganina wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

8. Tun ranar da aka rufe ɗakin, Alhaji yake neman makullin motarsa. Lasisinsa bai ƙare ba, motar na nan a ƙofar gida, kuma hanyar masallacin ta ratsa gaban makarantar firamare, La'asar kuwa a wannan lokaci na shekara daidai take da tashin yara. Ina jin tsoro, Ranka ya daɗe. Ina tsoron abin da zai same shi, na fi tsoron abin da zai samu ɗan wani ta hannunsa, domin na san ba zai rayu da wannan ba. Ba zan iya ce wa mijina ban san inda makullin yake ba, don na sani. Abin da na iya shi ne na tura shi can ƙasan buhun shinkafa, na ce masa ranar da buhun ya ƙare zan ba shi. Ya amince, bisa sharaɗin ba za a ƙara ko ƙwaya ɗaya a kai ba. Mutumin da duk zamanmu tuwo yake so, yanzu shinkafa yake nema safe da yamma, har yana gayyato Souley.

Saboda haka nake roƙon ofishinku, da dukkan girmamawa, ya sake duba wannan hukunci, ya ba masu ginin izini a rubuce su buɗe ɗakin na ɗan lokaci da rana, kekuna a bangonsu, mu a ƙasa. Idan dokarku ba ta da gurbin haka, a nuna mana wani lungu a ginin, ko da kusa da injin ɗumama ne. Ina kuma roƙon a sake turo jami'i ya duba titin da rana tsaka, ba ɗakin kaɗai ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk wanda aka turo za mu karɓe shi kamar na farko, sai dai wannan karon ba za mu tsaya hoto ba.

Ikram ta ce mini ofisoshi kan ɗauki watanni kafin su ba da amsa. Ba ni da hurumin gaggauta hukuma. Ina dai sanar da kai cewa da safiyar yau, da na zura kofi cikin buhun, na ji ya taɓa ƙarfe.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Mai biyayya a gare ka,

Hajiya Adjara Saani