Ka Bari Siririya Ta Kai Aya

Zuwa ga ƙanena, Baban Siririya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da ƙananan yaran. Allah Ya sa albarka a neman da ka fita yi, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaye gida tana gyara wa kowa zama. Kawu Direba yana nan yadda ka san shi, motar ta tsufa amma bakin bai tsufa ba. Ni kuwa ɗinkin kayan makaranta ya sha min kai, iyaye sun cika shago, kowa yana son nasa tun jiya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannuna. Da gangan na yi. Sau nawa ina kiran ka in yi maka bayani, kafin in haɗa magana ka riga ka yanke hukunci, ka ce aiki na jiran ka? Takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta. Saƙonka ya iso, wanda ka ce za ka kira shugaban makaranta a mayar da Siririya ajin kimiyya kafin a fara darasi mako mai zuwa. Wallahi tun da na karanta shi raina yake a ɓace. Kai farkon abin kawai ka ji ranar nan kafin layi ya yanke, don haka nemi wuri ka zauna, ka ji sauran.

Ranar tarbar sababbin ɗalibai ni kaɗai na yi niyyar raka ta. Ina fitowa na tarar da Inna ta riga ta shige gaban mota da sandarta, wai jikarta ba za ta shiga babbar sakandare ba tare da idonta ya gani ba. Kawu kuma ya ce tunda shi ya kawo mu, ai ba zai zauna gadin mota ba. Haka muka shiga kamar masu rakiyar matafiyi. A bakin ƙofa manyan ɗalibai suka tarbe mu, suka riƙa zagayawa da sababbin ɗaki-ɗaki. An kai mu ɗakin gwaje-gwaje, inda Inna ta yi arba da ƙwarangwal na roba a kusurwa ta hau salati. An kai mu ɗakin 'yan kasuwanci, Kawu ya tsaya yana koya wa malaminsu yadda ake ciniki, sai da na ja shi ta hannun riga. Daga ƙarshe aka nuna mana ɗakin harsuna da adabi, kujeru a zagaye, wasu manyan ɗalibai biyu suna gwada muhawara. Mun yi gaba na waiwaya ban ga Siririya ba. Ashe tana can tsaye a bakin ƙofar, ta ƙura musu ido.

Bayan nan aka tara mu a babban zaure. Shugaban makaranta ya yi wa yara maraba, ya ce akwai darussan da kowa zai yi, irin su lissafi, sannan kowane ɗalibi zai zaɓi ɓangare ɗaya: kimiyya, ko kasuwanci, ko harsuna da adabi. Sai ya nuna wani farin layi da aka ja da fenti a ƙasa. Ya ce tsarinsu shi ne iyaye su tsaya bayan layin, yaro ya ƙarasa gaban teburi shi kaɗai, ya faɗi zaɓinsa da bakinsa. Shawara a gida ake yin ta, nan kuwa muryar yaro suke son ji. Ina jin haka na dubi Inna da Kawu, don na san mutanen da na zo da su. Daidai nan kuma ka kira, ka matsa sai na buɗe muryar wayar don ka ji komai.

Aka kira Siririya. Malamar da ke teburin wata gajeriya ce mai tabarau, ta yi mata murmushi ta tambaye ta ɓangaren da take so. Yarinya ta buɗe baki, in'inar nan tata ta riƙe ta. Ko numfashi ba ta ja ba Inna ta ɗaga sanda daga baya ta ce kimiyya za ta yi, likita suke so a gida. Kawu ya ce ina, kasuwanci ne, ya tsallake layin nan kamar ba da shi aka yi bayani ba. Sai kuma kai! Daga cikin wayar da ke hannuna muryarka ta cika zaure, kana cewa a yi haƙuri yarinyar ba ta iya magana sosai ba, a sa ta kimiyya inda ba a buƙatar surutu. Haba ƙanena! A gaban yaran da za ta zauna da su shekara da shekaru? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina laluben inda zan danna in rufe maka baki sai Allah Ya taimake ni, layin ya yanke da kansa.

To ga abin da ba ka ji ba. Malamar nan ta ajiye biro, ta dubi Kawu ta saman tabarau har ya koma bayan layi da ƙafarsa. Ta ce wa Inna cikin ladabi ta gode, amma ba Hajiya za a ɗauka a makarantar ba. Sannan ta juya ga Siririya ta ce ita ba sauri take yi ba, ta harɗe hannu ta jira. Ni kaina sai da na cusa gefen mayafina a baki. Yarinya ta yi ta kokawa da kalmar, wuyanta ya miƙe, gumi ya tsattsafo mata a goshi, amma ba wanda ya ƙarasa mata. Can sai ga ta ta fito: harsuna da adabi take so. Malamar ta tambaye ta dalili, ta sake jira. Siririya ta ce, a hankali, tana tsayawa tana tashi, wai a ɗakin nan ta ga idan mutum ɗaya yana magana dole ɗayan ya yi shiru har sai ya gama, doka ce. Ta ce ajin da ake da wannan doka take so.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Inna ta sunkuyar da kai tana wasa da sandarta. Kawu Direba ya yi gaba ya buɗe mana mota. A hanya kuwa ka ga ikon Allah, yarinya ta yi ta ba mu labarin abin da manyan ɗaliban nan suke musu a kai, har da wanda take ganin ya fi gaskiya. Ta daɗe kafin ta gama, amma ta gama, kuma maganarta da ma'ana. Da muka dawo ta zauna kusa da keken ɗinkina tana karanta min littafi da ƙarfi, ina taka keke tana karatu.

Labarin zaɓinta na isa gare ka, sai ga saƙonka. Na so in ɓoye, amma ta riga ta gani a fuskata. Ta ce idan haka Baba yake so shi ke nan, ta ɗauki littafin ta mayar cikin jaka. Tun ranar amsarta ba ta wuce to da a'a. Ka ga aikinka ke nan, daga nesa, da 'yan layuka a waya.

Na san abin da kake tsoro, ba sai ka faɗa ba. Kana tsoron ta miƙe a aji a yi mata dariya. Ni ma ina tsoro. Amma mu a gidan nan ba mu taɓa yi mata dariya ba, kuma ka ga inda tausayinmu ya kai ta. Ta nemi ruwa, kafin ta faɗa an miƙo mata. Baƙo ya tambayi sunanta, mutum uku sun amsa. Kai kuma idan ka kira ta ta ɗan tsaya, sai ka hau halo, halo, ka ce layi ba kyau, a ba ka Inna. Yarinyar da ta tsaya gaban zaure cike da mutane, bayan ubanta ya gama shelanta cewa ba ta iya magana ba, ta kuma faɗi abin da ke ranta, ita ce za ka ce aji zai gagara? Idan likita kuke so, ga ƙannenta nan wurinka, ka fara lallashin su tun yanzu.

Don haka ina gaya maka a matsayina na yayarka, wadda ta goya ka a baya: kada ka kuskura ka kira shugaban makarantar nan. Idan ka kira, za su canja mata, don kai ne uba, ita kuma ba za ta yi maka musu ba, ka san halinta. Siririya za ka kira.

Ka gaishe min da mai ɗakinka da kyau, ka ba ta takardar nan ta karanta, na san ita za ta fahimce ni. Ka shafa min kan Auta da yayansa. Inna tana gaishe ku, ta ce in gaya maka ita ta janye maganar likita, gwiwarta ta gode. Kawu Direba ma yana gaisuwa, haka maigidana da yaran shago.

Wayata tana hannun Siririya duk yamma. Ta ce min akwai abin da ta daɗe tana son gaya maka, ban tambaye ta ko mene ne ba, don naka ne. Ka kira, ka yi sallama, sannan ka kama bakinka. Idan ka ji shiru, don Allah kada ka ce halo. Layin lafiyarsa ƙalau, 'yarka ce ke tafe da maganarta.

Wassalam. Ni ce yayarka mai ƙaunarka, ko da ka ɓata mata rai,

Yaya Mai Ɗinki