Tayar da Ba Ta da Tub

Yaya,

Ya jikin Inna, ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, aikin kai saƙo a keke yana tafiya.

Jiya ƙusa ta soki tayata a doguwar hanya. Na ɓalle ta in yi faci, yadda Baba ya koya mana a rumfarsa. Ashe tayoyin nan ba su da tub, farin gam ne a ciki yake toshe huda. Duk ya tsiyaye a cinyata.

Na kira Baba in ba shi labari ya sha dariya. Sai da wayar ta fara ƙara na tuna. Allah ya jiƙansa.

In Inna ta ga kirana a wayarsa, ki ce mata kuskure ne.

Ƙaninki.